Kofunan Ranar Alhamis

Duk wanda ya zauna a gidan hayar nan ya san ranar Alhamis ba sai ya duba kalanda ba. Da rana ta karkata za ka ji ana jan kujerun roba a tsakar gida, ana bi ɗaki-ɗaki ana aron kofuna, sannan ka ji Mai Guga ta fara buga dutsen guga a kan tebur kamar rigar da ke gabanta ce ta yi mata laifi. Masu kawo mata kaya sun gane, ba sa zuwa karɓa a ranar. Wanda ya manta ya zo kuwa, zai karɓi rigarsa da kari mai kyau, a haɗa masa da baƙar magana kyauta.

Gajeruwa ce, mai faɗin kafaɗa, bayan hannunta duk tabon ƙuna. Teburinta yana ƙarƙashin 'yar rumfar kwano a ƙofar ɗakinta, gefe guda buhun gawayi, gefe guda tulin kayan mutane. Ba ta fashin sujada ranar Lahadi. Wurinta benci na ƙarshe kusa da taga, kuma tun da shugaban mawaƙa ya roƙe ta, cikin ladabi, ta riƙa yin waƙa a zuci, sai ta ƙara ɗaga murya. Addu'arta kuwa a kan tebur take yin ta. Duk rigar da ta shimfiɗa sai ta yi wa mai ita addu'a, ko ya so ko bai so ba.

"Ubangiji, mai wannan wando ka shirye shi," za ka ji tana cewa, tana fesa ruwa. "Kai ma ka ga abin da na tarar a aljihunsa."

Abu ɗaya ne ba ta yi a majami'a: ba ta bin matan zumunta ziyarar marasa lafiya. An yi mata magana har an gaji. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce son neman kuɗi ne ya hana ta barin tebur. Ba ko ɗaya. Ita dai ta san ziyarar nan ta wancan ɓangaren, ɓangaren wanda ake zuwa wa.

Mijinta bakanike ne, ciwo ya kwantar da shi ya daɗe kafin ya rasu. Kowace Alhamis matan zumunta suna zuwa, cikin anko fari tas, da littafin waƙoƙi a hannu. Kuma tsakani da Allah da zuciya ɗaya suke zuwa, wannan ba wanda zai musa. Amma kafin su iso sai ta share ɗaki, ta ɓoye tsummokara, ta turara wurin don kada a ji wari, ta yi aron kujeru, ta dafa shayi, ta aika a sayo biskit. Su zauna, su yi waƙa mai daɗi, su yi addu'a har gumi ya keto musu, su sha shayi, su tashi. Kafin ƙurar takalminsu ta kwanta tana durƙushe bakin famfo da tulin kofuna, mara lafiya yana kiranta daga ɗaki, kayan guga na mutane suna jira. Mata wajen ashirin, hannu wajen arba'in, ba hannun da ya taɓa ɗauraye cokali.

Wadda ta tsara ziyarar, kuma take jagorantarta, ita ce shugabar zumunta, maƙwabciyarta ta jikin bango. Kowa Shugaba yake ce mata, har mijinta in yana tsokana. Doguwa ce, mai tsabta, mai iya tsara magana, irin matan da ɗaurin ɗankwalinsu ba ya karkacewa ko da iska. A ziyarar ƙarshe kafin bakanike ya cika, Mai Guga tana tsaye a gajiye, Shugaba ta shanye shayinta, ta miƙo mata kofin, ta dafa kafaɗarta.

"Ki riƙe bege, 'yar'uwa," ta ce. "Ubangiji ba ya barin nasa."

Maganar gaskiya ce, Mai Guga ba ta taɓa shakkarta ba. Kofin ne ya tsaya mata a rai. Shekaru suka wuce suna gaisawa kowace safiya, suna shanya a igiya ɗaya, amma duk sanda ta kalli hannun Shugaba sai ta ga kofin nan.

Mijin Shugaba kuwa, Baba Kafinta, ba ta da abin cewa a kansa sai alheri. Shi ya yi bencinan majami'a. Bayan rasuwar bakanike, da ta rasa yadda za ta yi, ta fara guga a kan tabarma, bayanta kamar ya karye. Wata safiya ta fito ta tarar da tebur a ƙofarta, daidai tsayinta, don ita gajeruwa ce, har da ɗan wurin ajiye dutse da ya lulluɓe da kwano. Da ta je godiya sai ya ce shi bai san zancen ba, wataƙila teburin ne ya ɓata hanya. Mutum ne mai barkwanci. Shi da matarsa tun suna matasa suke tare, ba su taɓa raba makwanci ba, kuma duk yamma za ka gan su a ƙofar ɗaki yana tsokanarta tana hararar sa.

To, shi ne ya faɗi a shagonsa. Aka kawo shi gida daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. 'Yarsu ɗaya tana aure a nesa da ƙananan yara, ta zo ta yi abin da za ta iya ta koma. Sauran aiki ya faɗo kan Shugaba: ɗagawa, juyawa, wanka, ciyarwa, da abin da ba a faɗa. Kuma da yake ita ta kafa dokar ziyara da bakinta, yanzu kowace Alhamis gidanta ake zuwa. Wa zai ce kada a je wa Shugaba? Ita kuma da wane baki za ta ce kada a zo?

Mai Guga tana gani, tana ƙuna. Ta ga Shugaba ta daina shanya zanen gado a igiyar tsakar gida, a cikin ɗaki take ɗaura igiya don kada a ƙirga sau nawa ake wankewa. Ta ga zobenta ya fara yawo a yatsa. Ta ga tana jan kujeru ranar Alhamis tana tsayawa tana dafe ƙugu. Amma da matan sun shigo, sai ga ɗankwali a miƙe, ga murmushi, ga shayi a tire.

"Yaya mai jiki, Shugaba?"

"Da sauƙi, mun gode Allah. Ubangiji yana riƙe da mu."

Su kuma su koma gida suna yaba bangaskiyarta. A ce mata ashirin, kowace ta yi jinya a gidanta ko ta ga an yi, amma ba wadda ta kalli idon matar nan ta ga ba ta barci. Ko sun gani sun kau da kai, don in ka gani dole ka tuɓe farin anko.

Sau ɗaya Mai Guga ta danne zuciyarta ta tare ta a bakin famfo.

"Shugaba, in da wanki ki turo mini. Ruwa na riga na taɓa."

"A'a, haba. Ba komai wallahi, muna lafiya. Ki dai sa mu a addu'a."

"Addu'a kam ina yi. Wanki na ce."

"Na gode, 'yar'uwa. Ubangiji yana riƙe da mu."

Mai Guga ta yi tsaki ta koma teburinta. A ranar wata riga ta sha duka.

Ana cikin haka ƙanin Baba Kafinta ya zo duba shi, daga wani gari mai nisa. Ba mugu ba ne, yayansa yake so. Ya taya a juya shi, sai ya ga miki ya fara cin bayansa saboda kwanciya. Bangon da ke tsakanin ɗakunan nan ba ya riƙe sirri, Mai Guga ta ji komai tana hura gawayi.

"Yaya, ba laifinki nake gani ba," in ji shi, "amma aikin nan ya fi ƙarfinki. Dubi bayansa. Ƙarshen wata zan zo da mota in tafi da shi. Akwai ɗaki a bayan gidana, yara suna nan, za a kula da shi."

"Ni fa?"

"Ke ki huta. Ɗakin ƙarami ne, kuma in kin saki nan ina za ku dawo in ya samu sauƙi? Kya riƙa zuwa kina ganinsa."

"Ubangiji yana..."

"Na sani, Yaya. Amma mikin nan ma yana nan."

Sai wani irin sauti ya fito daga gadon, ba magana ba, ba kuka ba. Baba Kafinta bakinsa ne ya mutu, kunnensa garau yake. Mai Guga ta ajiye dutse, ta kasa ci gaba. Ta san in aka ɗauke mutumin nan daga gaban matarsa aka kai shi ɗakin baya, ba zai ga wata shekara ba. Ita ma matar haka.

Alhamis ta zagayo. Tun hantsi Shugaba take shara, ta jera kujeru, ta tara kofunan aro a baho. Can da rana Mai Guga ta ji ƙauri. Ta duba rigar da ke gabanta, ba ita ba ce. Ta leƙa ɗan lungun da Shugaba ke girki, sai ta gan ta zaune a kan kujera 'yar tsugunno, kanta jingine da bango, baki buɗe, tana barci. Butar shayi ta ƙone ƙurmus a kan wuta, gefen zanenta kuwa saura kaɗan ya taɓa garwashi.

Ta sauke butar, ta janye zanen. Ta ɗago ta, sai ta ji matar ba nauyi, kamar ɗaurin kayan wanki. Shugaba ta buɗe ido da kyar.

"Baƙi... shayi..."

"Taso, Yaya. Ki ɗan miƙe, zan tashe ki."

Ƙarya ta yi, kuma ba ta nemi gafara a kanta ba. Ta kai ta ɗakinta ita Mai Guga, ta kwantar da ita a gadonta, ta ja ƙofa. Sannan ta shiga ɗakin Shugaba, wanda rabonta da shi tun kafin ciwon.

Sama-sama ɗakin fes yake, ga ƙamshin turare, ga labule a gyare. Baba Kafinta yana kwance cikin farar riga, an taje masa kai don baƙi. Ya bi ta da ido. Ta ce, "Sannu, Baba. Teburin nan da ya ɓata hanya yana gaishe ka." Gefen bakinsa mai rai ya motsa. Amma hancin wadda ta yi jinya ba a yaudararsa da turare. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado. Zannuwan gado ne a cushe, da tsummokara, da wanduna, wasu a jiƙe, an tura su can ƙurya don a samu lokacin dafa wa masu lafiya shayi.

Tana nan durƙushe ta ji sallamarsu. Suka shigo tsakar gida a jere, fari tas, mataimakiyar shugaba a gaba, wata mai gilashi da ba ta son a taɓa tsari. Mai Guga ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta cika ta duk da gajartarta.

"A'a, Mai Guga, yau ke ce a nan? Ina Shugaba?"

"Tana barci."

"Barci? Ba ta san yau Alhamis ba? Tashe ta mana."

"Ba zan tashe ta ba. Wadda ta tashe ta kuma ni da ita ne."

Suka kalli juna. Mataimakiya ta gyara gilashi. "To ba mu hanya mu yi wa Baba addu'a. Ai ba a hana addu'a."

"Wa ya hana? Ku yi daga nan, Allah ba kurma ba ne. Amma shayi babu. Butar ta ƙone, mai dafawar ma saura ƙiris ta ƙone."

"Mu don shayi muke zuwa?" wata ta faɗa daga baya, a fusace. "Ke da ba kya zuwa ziyara, yau ke za ki koya mana ƙauna?"

Nan ne Mai Guga ta ɓalle. Abin da ta haɗiye shekara da shekaru ya taso mata gaba ɗaya. Ta juya cikin ɗaki, ta jawo tulin nan daga ƙarƙashin gado, ta rungumo shi, ta fito ta zube shi a tsakiyar kujeru, a gaban fararen takalmansu. Wari ya tashi. Wasu suka ja da baya suna toshe hanci da gefen mayafi.

"Ga mai jiki nan, ku gaishe shi! Kowane mako kuna tambaya yaya mai jiki, to ga amsar. Kun zo gidana haka, kun sha, kun tashi, kun bar ni da kofuna da miji a kwance, ban ce uffan ba. Yanzu ga taku, shugabarku, tana mutuwa a tsaye kuna yaba mata bangaskiya. Ƙarshen wata za a zo a ɗauke mata miji, kun sani? Ba ku sani ba, don ba ku tambaya ba! Shi Ubangijin da kuke kira, da ya ga ƙafafun almajiransa da datti ai ruwa ya nema ya wanke musu. Ku kuwa littafi kuka riƙo, hannu biyu, don kada a ba ku sabulu!"

Ba wadda ta motsa. Sai Mai Guga ta lura ba ita suke kallo ba, bayanta suke kallo. Ta waiwaya. Shugaba ce tsaye a ƙofar ɗakin Mai Guga, ba ɗankwali, furfura a waje, shatin matashi a kumatu. Idonta yana kan tulin da ke ƙasa.

Ba ta yi ihu ba. Ta tako a hankali, ta durƙusa a gaban matan da take jagoranta, ta fara tattara kayan ɗaya bayan ɗaya. Wata ta sunkuya za ta taya ta, ta ɗaga mata hannu. Da ta gama ta miƙe, ta dubi Mai Guga.

"Abin da ya rage mana ke nan, ni da shi," ta ce. "Rufin asiri. Kin gama da shi. Na gode."

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Matan suka watse, wasu suna ƙunƙuni, wasu jiki a sanyaye. Mai Guga ce ta mayar wa kowa kujerarsa da kofinsa.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta ji daɗinsu ba. Labari ya kai ko'ina. Matar fasto ta zo da kanta, wai ta kawo guga, ta zauna ta yi mata nasiha a kan harshe. Mai Guga ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Mama, na ji. Harshena ya yi laifi. To su hannayensu fa, wa zai je ya yi musu nasiha?" Matar fasto ta tashi ta tafi, ta manta ba ta faɗi ranar karɓar kayan ba.

Amma in ta kaɗaita da teburinta, rigima take yi da Ubangiji. "Gaskiya na faɗa, kai shaida ne," ta ce, tana danna dutse. Ta juya rigar. "To, na ji. Ba sai na zubar a ƙasa ba." Ta san abin da ya sa ta zubar. Ba Baba Kafinta kaɗai ta tuna ba sa'ad da ta rungumo tulin nan, har da kofin da aka miƙo mata shekarun baya. Wandon mutumin da ya yi mata tebur ta shimfiɗa a gaban jama'a, don ta huce. Wannan ya fi komai ci mata rai, kuma haushin matan zumunta bai ragu ba ko kaɗan, sai dai yanzu ta shiga layinsu.

Ta ƙwanƙwasa ƙofar Shugaba, ba a buɗe ba. Ta ce ta cikin katako, "Yaya, na yi kuskure a yadda na yi. Ki yafe mini." Mai Guga ba ta iya dogon lallashi ba, don haka ta yi abin da ta iya. Ta wanke babban bokitinta, ta ajiye shi a ƙofar Shugaba, ta rufe da tsohon zane. Da yamma ta duba, babu komai a ciki. Washegari ta sake ajiyewa. Haka ta yi ta yi, bokiti yana dawowa wayam, ƙarshen wata yana matsowa. Alhamis ta zo ta wuce, ba a ja kujera ko ɗaya ba. Wato da aka ce musu shayi babu, aiki akwai, sai ƙafa ta ɗauke. A ranar Mai Guga ta ƙona wuyan rigar wani malamin makaranta, abin da ba ta taɓa yi ba.

Wata safiya ta je ɗaukar bokitin, ta sa hannu ɗaya kamar kullum, sai ya ƙi tasowa. Ta ɗaga zanen. Cike yake, an danna har baki. Ta tsaya ta kalli ƙofar da ke rufe, ta ce da ƙarfi, yadda za a ji a ciki, "Wannan bokiti kuma, wataƙila hanya ya ɓata." Ta ji wani sauti daga gado, irin na wanda ke son yin dariya da rabin baki.

Ta jiƙa, ta wanke, ta ɗauraye, ta shanya a igiyar tsakar gida, a fili, ta tsaya kusa tana jiran wanda zai ce wani abu. Da suka bushe ta goge su, zanen gadon mara lafiya, ta fitar musu da kari kamar na amarya. Da ta kai, ƙofar a buɗe take. Ba su yi zancen abin da ya wuce ba. Shugaba ta kama kafaɗu, Mai Guga ta kama ƙugu, suka juya shi, suka wanke mikin yadda wata ma'aikaciyar asibiti ta nuna wa Shugaba. Daga ranar, in Mai Guga ta ajiye dutse don gawayi ya kama, sai ta leƙa su juya shi. Da rana kuma ta kora Shugaba gadonta ta yi barci, ita ta jawo teburinta kusa da taga tana guga tana ba Baba Kafinta labarin aljihunan mutane.

Daga cikin matan zumunta biyu ne suka dawo, ba anko. Ɗaya tsohuwa ce mai sayar da kayan miya, ta zo da sabulu a leda ta ajiye. Ɗayar, abin mamaki, mai gilashin nan ce. Ta tsaya tsuru-tsuru ta ce ita ba ta iya wankin irin wannan ba, zuciyarta tashi take yi. Mai Guga ta ce, "To kin iya zama? Zauna kusa da shi ki karanta masa, matarsa ta je kasuwa ta ga mutane." Biyu cikin ashirin. Mai Guga ta ce wa Ubangiji lissafin bai yi mata ba, amma ta karɓa.

Ƙanin miji ya zo ranar da ya ce, da mota, an shimfiɗa katifa a baya. Ya shiga, ya gaisa, ya ɗaga rigar yayansa. Mikin yana nan, amma ya bushe, ya fara haɗewa. Ya dubi zanen gadon, ya dubi gajeruwar matar da ke tsaye jikin ƙofa ta harɗe hannu.

"Baiwar Allah, ke wace ce tasa?"

"Maƙwabciya."

"Maƙwabciya ai ba dangi ba ce. Yau kina nan, gobe kin gaji."

"Na gaji tun jiya, kuma ga ni. Bango ɗaya ne tsakanina da shi. In ya yi tari ina ji. Kai daga garinku kana ji?"

Ya ƙyale ta, ya juya ga matar yayansa. "Yaya, ke nake tambaya, kuma gaskiya nake so. Za ki iya?"

Mai Guga ta ga bakin Shugaba ya fara haɗa amsar nan da ya saba. Ta runtse ido. In matar nan ta ce Ubangiji yana riƙe da mu, mutumin zai ɗauki yayansa, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

"Ba zan iya ba," in ji Shugaba. Muryarta ta karye. "Ni kaɗai ba zan iya ba. Na daɗe da gajiya, kunya ta hana ni faɗa. Na yi ta roƙon Ubangiji ya aiko mini da taimako, ashe yana bayan bango yana zagina." Ta share ido da bayan hannu. "Kada ka tafi da shi. In ka ga mikin nan ya dawo, ni da kaina zan kira ka."

Baba Kafinta ya miƙa hannunsa mai rai ya damƙi gefen zanenta, ya riƙe gam, yana kallon ƙaninsa. Sai ƙanin ya fita, ya sauke katifar daga mota, ya jingine ta a bango, ya ce a ajiye, ta fi wadda ke gadon laushi. Ya ce zai dawo ya gani da idonsa. Mai Guga ta ce ya zo da sabulu.

Da la'asar ta koma teburinta, kaya sun taru, masu su har sun fara aike. Tana cikin hura gawayi ta ga inuwa a kanta. Shugaba ce, da kofin shayi a hannu, ɗankwali a karkace.

"Sha, 'yar'uwa."

"Ni ba baƙuwa ba ce."

"Na sani. Sha."

Ta karɓa ta sha a tsaye, Shugaba tana jira. Da ta shanye ta juya za ta nufi famfo, kamar yadda ta saba duk rayuwarta. Sai Shugaba ta riƙe mata hannu, ta zare kofin daga yatsunta.

"Kawo," ta ce. "Wannan tun tuni ni ya kamata in wanke shi."

Mai Guga ta tsaya tana kallon doguwar matar ta durƙusa bakin famfo tana cuɗa kofi ɗaya da soso, ciki da waje, ta ɗauraye, ta sake cuɗawa. Idonta ya cika. Mai gilashi ta leƙo ta taga ta tambaye ta lafiya, ta ce hayaƙin gawayi ne, kuma in ba ta da aikin yi ga bokiti can yana jira.